Ya Zo Na Uku a Aji, Amma Ya Iya Karatu Kuwa? Fashin Baƙi Kan Awon Karatun Ƙananan Yara a Bauchi

A ƙarshen kowane zango yaran firamare a Bauchi suna komawa gida da takardar sakamako. Hausa 68, Turanci 72, ya zo na uku a aji. Uba ya duba ya sa albarka, uwa ta adana takardar a ƙasan akwati. Abin da takardar nan ba ta gaya wa kowa ba shi ne ko yaron, idan aka miƙa masa rubutun da bai taɓa gani ba, zai iya karanta layi ɗaya ya kuma faɗi abin da layin ya ƙunsa. A aji ɗaya zuwa uku babu tambayar da ta kai wannan muhimmanci, kuma ita ce jarrabawar ƙarshen zango ta fi kasa amsawa.

Yadda ake samun makin ba ɓoyayyen abu ba ne. Malam zai rubuta tambayoyi a allo ya karanta wa aji da ƙarfi, wani lokaci har ya ɗan ja murya a kan amsar da take daidai. Yara su kwafa. Wanda hannunsa ya faɗa da kwafi zai cika takarda tsaf da kyawawan haruffa, alhali bai san abin da ko ɗaya daga cikinsu yake cewa ba. Darasin kansa ma haka yake tafiya: malam ya nuna da sanda ya ce “Audu ya tafi kasuwa,” aji duka ya amsa, a yi ta maimaitawa. Mai wucewa ta bayan taga zai rantse ana karatu. Cikin muryoyin nan kuwa kaɗan ne idonsu ke kan rubutun, sauran kunne ne ke yi musu aiki.

Ba laifin malamai nake nema ba. Wanda aka danƙa wa yara tamanin ko ɗari a ɗaki guda, wasu a benci wasu a ƙasa, littafi kuma bai wadata ba, amshi ne kaɗai abin da zai sa kowa ya buɗe baki. Illarsa ita ce yana ɓoye wanda bai iya ba. Yana ɓoye shi ga malam da iyaye, har ga shi kansa yaron, sai an kai aji huɗu ko biyar inda ake sa ran ya ɗauki littafin kimiyya ya karanta shi kaɗai, sannan asiri ya tonu. Wani masani mai suna Keith Stanovich ya bayyana tun 1986 dalilin da ya sa jinkirin ke da tsada: yaron da ya kama karatu da wuri yana ƙara karantawa, kalmominsa na ƙaruwa, karatun na ƙara yi masa sauƙi, wanda ya maƙale kuwa gudun littafi yake yi, don haka tazarar da ke tsakaninsu kullum faɗi take ƙarawa.

Binciken gida-gida na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 ne kacal na yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karanta ɗan gajeren labari su amsa tambayoyi a kansa. Bankin Duniya kuma a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta rubutu mai sauƙi su fahimce shi. Masu binciken MICS ba takardar sakamako suka nema a gidajen da suka shiga ba. Zama suka yi da yaro, suka ba shi rubutu, suka saurara.

Bauchi na cikin jihohin farko a Arewa da aka yi wa irin wannan awo da Hausa. A 2006 cibiyar bincike ta RTI da ke Amurka, da tallafin hukumar USAID da Bankin Duniya, ta tsara wani ma'auni da ake kira EGRA don auna karatun yaran azuzuwan farko. An kawo shi Bauchi da Sakkwato a ƙarƙashin shirin ilimi na NEI: a 2011 aka gwada 'yan aji uku, a 2013 aka sake da 'yan aji biyu da uku, har da makarantun Islamiyya da na tsangaya da ke haɗa karatun boko. Abin da ya fito bai yi wa kowa daɗi ba, domin mafi yawan yaran makarantun gwamnati da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta labarin Hausa da aka ba su ba. Bayan haka ne, a kashi na biyu na shirin wanda ya fara a 2015, aka shigo da littattafan “Mu Karanta!” da malaman firamare da yawa a jihar suka sani.

Ga yadda zaman awon yake. Mai awo, a ce malama ce da aka horar, tana zaune a inuwar bishiya ko a wani aji da babu kowa, aka kira mata yarinya 'yar aji biyu. Ba da takarda take farawa ba. “Sannu 'yan mata. Wane wasa kika fi so?” Sai ta gaya mata cewa wannan ba jarrabawa ba ce, ba za a rubuta sunanta ba, in kuma ba ta so tana iya komawa aji. Sannan ta ajiye mata shafi mai haruffa 100, layi goma kowanne da harafi goma, manya da ƙanana a cakuɗe, ba a jeren da aka saba rerawa ba. “Ɗora yatsanki a nan. In na ce fara, ki faɗa mini sautin kowane harafi.” Ta danna agogo. Daƙiƙa 60 gare ta. Duk harafin da yarinyar ta kuskure, malamar za ta yi masa alama a takardarta ko a kwamfutar hannu ba tare da ta ce uffan ba. In ta tsaya a kan harafi har daƙiƙa uku, sai a nuna mata na gaba a ce “ci gaba.” In kuwa layin farko gaba ɗaya babu wanda ta samu, sai malamar ta ce “na gode,” ta juya shafi. Ba a barin yaro ya yi minti guda yana zufa a gaban abin da bai sani ba.

Tun a wannan shafin ake fara ganin abubuwa. Wata yarinyar za ta ɗora yatsa a kan m, a, K, t amma bakinta na cewa “ei, bi, si, di.” Waƙar ta haddace, ba ta san cewa kowane sauti da siffarsa ba. Wata kuma ta san haruffan sarai amma da sunayensu na Turanci, kuma wannan ba zai kai ta ko'ina a karatun Hausa ba: wanda ya san harafin c a matsayin “si” ba zai iya fitar da “ciki” ko “cokali” ba. Shi ya sa ake neman sauti maimakon suna.

Daga nan sai gaɓoɓi irin su ba, ki, ɗu, tsa, kwa, domin a harsuna irin Hausa gaɓa ce matakalar da yaro ke bi daga harafi zuwa kalma. Sai kalmomin yau da kullum. Sai wani shafi da yake ba mutane mamaki in sun fara ganinsa, shafin ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana kamar “zelu” ko “dofi” ko “lunto.” A ganina babu shafin da ya kai shi tona asiri. Yaro na iya haddace siffar “Audu” da “kasuwa” don ya sha ganinsu a allo, amma “zelu” bai taɓa haɗuwa da ita ba, babu kuma wanda zai amsa masa. Ko dai ya haɗa sautukan da kansa ko ya yi shiru.

Sannan labari, mai kalmomi wajen sittin. A ce: Ladi ta tafi rijiya da guga, igiya ta tsinke, guga ya faɗa ciki, ta zauna tana kuka, sai yayanta ya zo da ƙugiya. Nan ma minti ɗaya. In yarinyar ta kai kalma ta 18 lokacin da agogo ya tsaya, ta kuskure huɗu a hanya, to ta karanta kalma 14 daidai a minti. Sai a yi mata tambayoyi, amma a kan iya inda ta karanta kawai. Wasu amsarsu na nan a rubuce: ina Ladi ta tafi? Wata kuma sai ta yi tunani: me yayanta zai yi da ƙugiya? Akwai kuma ɓangaren da malamar ce za ta karanta wani labarin da bakinta, yarinyar ta saurara ta amsa. Wani lokaci a ƙara da shifta. Duka zaman bai cika wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin ba.

Me ya sa aka rarraba shi haka maimakon a ba da labari kawai a ga wanda ya iya? Domin yara uku na iya samun sifiri a labarin nan, amma ciwon kowannensu daban. Na farko bai san sautin haruffa ba. Na biyu ya san su ɗaya bayan ɗaya amma bai iya haɗa “ri” da “ji” da “ya” su zama rijiya ba. Na uku ko da baki aka karanta masa bai gane ba, domin harshen ne bai zauna masa ba. Masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun taƙaita wannan a 1986: fahimtar karatu tana fitowa ne daga ninka abu biyu, iya fitar da kalma daga rubutu da kuma fahimtar harshen in an yi magana da shi. Ninkawa suka ce, ba tarawa ba, don haka in ɗayan sifiri ne to sakamakon ma sifiri ne, komai ƙarfin ɗayan. Malamin da bai san wanne ne ya gaza ba zai yi ta ƙara wa yaro na uku atisayen haruffa, ya yi ta karanta wa na farko tatsuniya, zango ya ƙare babu abin da ya motsa. Amfanin awon ke nan. Daidai yake da awon jarirai a asibiti: ba don a fitar da na ɗaya da na ƙarshe ake ɗora su a sikeli ba, sai don a gane wanda ya rame tun ana iya yi masa wani abu.

Batun agogo ya sha jawo gardama, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Dalilin sa shi dai shi ne ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe kalmomin da aka karanta sai na ɗan lokaci kaɗan. Yaron da yake gargada, yana ɗaukar daƙiƙa biyar a kan kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Helen Abadzi, wadda ta daɗe tana aiki da Bankin Duniya, ta yi ta kare ra'ayin cewa sai yaro ya kai wajen kalma 45 zuwa 60 a minti fahimta take zauna masa. Sai dai wannan adadi ba a ɗauko shi daga wani harshe a ɗora wa wani kai tsaye. Hausa cike take da gajerun kalmomi irin ya, ta, na, da, a, wasu harsunan kuma kalma ɗaya tasu kan ɗauki jimla sukutum. Kowane harshe sai an zauna an nemo mizaninsa daga yaransa. Ga kuma wani haɗarin: da zarar malamai sun ji cewa gudu ake aunawa, sai a fara koya wa yara tsere. Za ka ji yaro ya zubo kalma saba'in babu numfashi, babu tsayawa a aya, ka tambaye shi wa ya zo da ƙugiya ya zuba maka ido. Adadin kalma a minti ba shi da wata daraja in ba a ajiye shi kusa da amsoshin tambayoyin ba.

To amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. A wurinmu akwai abubuwan da ke iya sa awo ya yi wa yaro ƙarya, kuma mai zama a ofis yana duba jadawali ba zai gan su ba.

Na farko kunya. An tarbiyyantar da yarinya kada ta ɗaga murya a gaban babba, kada ta haɗa ido da baƙo. Sai ga baƙon namiji da kwamfuta a hannu ya keɓe ta yana cewa ta yi magana. Shirunta a takarda sifiri ne, alhali wataƙila ta san rabin haruffan. Wani yaron kuma bulala yake tunani, ya gwammace ya yi shiru da ya faɗi kuskure. Hirar farkon nan da ake yi wa kallon ɓata lokaci, ita ce ke raba awo mai kyau da na banza, kuma ita ce mai awon da ya gaji yake fara yankewa.

Sai karin harshe. A Hausar Bauchi bambancin namiji da mace a nahawu ya yi rauni, za ka ji “rigan Audu” da “motan Alhaji” a bakin manya da yara. Idan an rubuta “rigar Audu” yaro ya karanta “rigan Audu,” kuskure ya yi? A ra'ayina wannan yaron ya ma fi wanda ya furta harafi-harafi, domin ya gane kalmar har ya mayar da ita yadda ake faɗa a gidansu. Amma in ba a zauna da masu awo an daidaita wannan tun wurin horo ba, wani zai soke wani ya bari, yaron Azare da na Kano su sami maki daban a kan karatu iri ɗaya. Haka nan rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. “Gari” a jerin kalmomi, ba a cikin jimla ba, na iya zama wanda ake zama a ciki ko wanda ake tuƙa tuwo da shi, kuma duk wanda yaro ya faɗa ya kamata a karɓa. Ƙari a kan haka, takardar awon da aka buga a shagon da kwamfutarsa ba ta da ƙ da ɗ da ɓ ta lalace tun kafin ta isa makaranta. Ba za ka rubuta “kafa” kana nufin “ƙafa” sannan ka soke yaron da ya karanta abin da ya gani ba.

Abu mafi nauyi shi ne harshen gida. Ana yawan magana kamar duk yaron Bauchi da Hausa ya buɗe baki, kuma ba haka ba ne. Akwai Sayawa a Bogoro da Tafawa Ɓalewa, Jarawa a Dass, Warjawa a Warji, ga rugagen Fulani a ko'ina cikin jihar. Manyansu suna jin Hausa kamar kowa, yaran gari ma haka. Amma ɗan shekara shida da ya taso a ruga, wanda Fulatanci kawai yake ji daga safe har dare, Hausar littafi baƙuwa ce a wurinsa. A nan ne ɓangaren sauraro yake da amfani. In ya iya karanta “zelu” da “dofi” amma ya kasa amsa tambayar labarin da aka karanta masa da baki, to ba karatu ne ya gagare shi ba, kalmomi yake buƙata, da hira, da wanda zai riƙa ba shi labari.

Wannan ya haɗu da dambarwar harshen koyarwa. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A 2022, lokacin da Adamu Adamu yake ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a kai wannan har aji shida. A Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin da komawa Turanci. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan muhawara, abu ɗaya ya shafi awo kai tsaye: in da Turanci kaɗai aka gwada yaron Ningi ko Darazo ya samu sifiri, ba za a taɓa sanin ko haɗa haruffa ne bai iya ba ko Turancin ne bai ji ba. Sai an gwada shi da harshen da yake ji sannan a raba biyun.

Akwai kuma wani ilimin da takardar boko ba ta gani. Yaro da yawa kafin ya taka firamare ya riga ya zauna a makarantar allo, ya yi babbaƙu, ya shiga farfaru. Wanda ya bi “alu, ambaki, wau, zal” da yatsa a kan allonsa ya riga ya san abu mafi wuya a farkon karatu, wato cewa alama a rubuce tana wakiltar sauti, kuma wasali na canza yadda baƙi ke fita. In aka ba shi littafin boko ya buɗe daga dama, mai awon da bai lura ba zai rubuta cewa bai san riƙon littafi ba. Ya sani, na wani rubutun ya sani. Malaman allo ma, a nasu tsarin, ba sa yarda da amshi kaɗai. Yaro ba ya wanke allo sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai. Saurarar yaro ɗaya-ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, makarantar boko ce ta sake shi da yara suka yi mata yawa.

Ga 'yan ƙasa da shekara shida kuwa, na ajin share fage, babu batun agogo ko labari mai kalma sittin. Abin da ake dubawa shi ne ko yaro zai iya jin cewa “masara” da “mota” da sauti ɗaya suka fara, ko zai tafa hannu sau uku a kan “ta-bar-ma,” ko zai sake ba da tatsuniyar da aka gaya masa a jere, ko ya gane harafin farko na sunansa. Makarantun kuɗi da ke ba ɗan shekara uku jarrabawar rubutu har da matsayi a aji, iyaye suke faranta wa rai, ba wani abu suke aunawa ba.

Babban abin da ke damuna da manyan awon da aka yi a baya shi ne inda sakamakon yake tafiya. EGRA ba kowane yaro yake gwadawa ba, ana zaɓen makarantu ne da 'yan yara kaɗan a kowace don su wakilci jiha. Yana gaya wa gwamnati da masu ba da tallafi halin da ake ciki, kuma ya yi wannan aikin. Amma malamar aji biyu da aka ɗauki yaranta goma aka gwada ba za ta san wanne ne ya tsaya a haruffa ba, tunda ko suna ba a rubuta ba. Rahoto ya fito da Turanci, a yi taro a otal, a watse. Yanzu kuma da aka rushe USAID a 2025, ba a sa ran wata tawaga mai kwamfutocin hannu za ta riƙa zuwa da kuɗin waje kamar da. Aikin ya dawo kan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 20, da kuma kwalejojin ilimi na Azare da Kangere, inda ya kamata a ce duk ɗalibin da zai koyar a firamare ya zauna da yaro na gaske ya auna shi kafin a ba shi shaidar kammalawa.

Abin da ke da sauƙi shi ne ba sai da kwamfuta ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wani ma'auni a 2005, ana kiransa ASER, wanda duka-duka takarda ɗaya ce mai kashi huɗu: haruffa, kalmomi, sakin layi mai jimla huɗu, da ɗan labari. A sakin layi ake farawa. In yaro ya wuce a hau da shi labari, in ya kasa a sauko kalmomi, in ya kasa a sauko haruffa. Cikin 'yan mintuna an san matakinsa. A kan wannan aka gina tsarin koyarwa na TaRL, wanda aka gwada a Borno da Kano, inda ake ware wani lokaci a rana a raba yara bisa matakin da suke, ba bisa ajinsu ba. Ɗan aji huɗu da ke matakin haruffa ya zauna da masu haruffa har ya wuce. Hedimasta da malamin Hausa na iya rubuta irin takardar nan da hannu. Aji mai yara 80, in kowane yaro ya ɗauki minti biyar, minti 400 ke nan. A gwada takwas kullum, cikin mako biyu an gama. Sakamakon ba maki ba ne, suna ne da kalma ɗaya a gabansa: harafi, kalma, sakin layi ko labari.

Iyaye ma suna da hanyarsu, ko da ba su yi boko ba. A samo rubutun Hausa da yaron bai taɓa gani ba, ko katin gayyatar ɗaurin aure ne, a ce “zo ka karanta wa Baba wannan,” yayarsa ko wani maƙwabci da ya iya yana kusa yana bi da ido. In ya gama a tambaye shi wa ke aure, yaushe, a ina. In an je makaranta kuma, maimakon “Malam, ya ƙoƙarinsa?” a tambaya, “Malam, a ina ya tsaya, haruffa ko kalmomi ko labari?”

Hanyar da aka fi lalata irin wannan awo ita ce a ɗaura shi da hukunci. Ranar da aka ce makarantar da yaranta suka gaza za a canza wa hedimastanta wurin aiki, ko a riƙe wa malami ƙarin girma, daga ranar alƙaluman sun daina faɗin gaskiya. Za a haddace wa yara labarin, a ce wa masu rauni su zauna a gida ranar da masu awo za su zo. Ko babu hukunci ma, takardar da aka yi amfani da ita sau biyu ta zama hadda, don yaran da aka fara gwadawa suna fita za su gaya wa sauran cewa guga ne ya faɗa rijiya. Dole a tanadi labari biyu ko uku masu nauyi ɗaya a riƙa sauyawa, a kuma rubuta sababbi kowane zango.

Akwai kuma 'yan kaɗan da za a ga zango biyu sun wuce, an koyar da su a matakinsu, sauran 'yan rukuninsu sun hau, su suna nan a haruffa. Kafin a ce wa irin wannan yaron daƙiƙi, a duba ko yana matso da takarda har hanci, ko yana juyo da kunne ɗaya in ana magana, ko kunnen na zubar da ruwa, ko da yunwa yake zuwa kullum, ko rabin zangon a gona ko wurin talla ya yi shi. Malam ya rubuta abin da ya lura da shi, ya kira iyayen, a kai yaron asibiti a duba masa ido da kunne kafin a sake gwada shi.